Sitacin da ya Toshe Bututun Ajin Ƙanana

Malam Gwaji ya yi ƙarya, kuma ya yi ta ne a kan matar da ta haife shi a shekaru. Ya zuba abin da aka ce kada ya zuba, bututu ya toshe, da aka tashi tambaya sai ya nuna mai shara. Da hankalinsa ya yi, yana tsaye a gaban Shugabar makaranta yana gyara wuyan rigarsa.

Mai sharar ita ce Gwaggo. Haka kowa yake kiranta a makarantar rainon, daga Shugaba har yaran da ba su iya ɗaura igiyar takalmi ba. Shekara shida ke nan tana share azuzuwa huɗu da baranda da banɗaki uku da ɗakin malamai. Kafin nan ta yi shekara goma sha takwas a shagon wanki da guga, har tururi ya fara taɓa mata ƙirji likita ya ce ta haƙura. Aikin makarantar bai taka kara ya karya ba, amma yana da abu guda: kowane ma'aikaci yana da gurbin yaro ɗaya. Jikarta ce a gurbin Gwaggo, 'yar shekara huɗu da ake kira Kurciya, saboda har ta cika uku ba ta magana sai gurnani a maƙogwaro. A makarantar nan bakinta ya buɗe. Uwarta tana fita ma'aikatar ɗinki tun ƙarfe bakwai. Mijin Gwaggo kuwa, tsohon direba ne da ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, yana kwance a falo. Idan aikin ya tafi gurbin zai bi shi, yarinyar ta koma zaman ciki da falo tare da marar lafiya.

Malam Gwaji shi ne malamin ajin ƙanana. Malamai ne suka laƙaba masa sunan, domin ba ya buɗe baki bai ce a yi gwaji ba. Saurayi ne mai tsafta, mai farin takalmi, kuma gaskiya yara suna son sa. Matsalarsa ɗaya: bai yarda wanda yake riƙe da tsintsiya zai iya sanin abin da shi bai sani ba.

Ranar Juma'a ya shigo da ledar garin sitacin masara guda shida da ƙananan kwalaben kalar girki. A waya ya ga abin. Ya jera robobin wanka huɗu a kan teburin yara, ya zazzage gari, ya kwarara ruwa daga bokiti ba awo ba komai. Abin ya tsinke kamar madarar da aka yi wa ha'inci. Ya juya, ya sake juyawa, ya duba wayarsa. Yara goma sha tara sun zagaye shi sun zuba ido, ɗaya har ya fara tambaya ko sha za a yi.

Gwaggo tana baranda tana matse tsumma. Da ta yi shiru da abinta, da duk abin da ya biyo baya bai faru ba. Amma ta hango Kurciya ta ɗage a kan yatsun ƙafa tana leƙen roba, sai ta ajiye tsumman ta shiga. Ta ce ruwa ya yi yawa. Ta karɓi kofin shan ruwan yara, ta ce kofi biyu na gari, kofi ɗaya na ruwa, kuma ruwan a hankali ake zubawa, da hannu ake cuɗawa. Ta tsiyaye na saman robar farko a bokiti, ta ƙara gari, ta sa hannu. Garin yana ƙara a ƙarƙashin yatsunta kamar ana taka busasshen yashi. Da ya haɗu sai ta dunƙule hannu ta kai masa naushi. Hannun ya tsaya a sama, ko ɗigo bai fantsama ba. Sannan ta ɗora yatsa ɗaya a hankali, yatsan ya nutse har gindinsa.

Ajin ya kaure. Kowa yana so ya taɓa. Malam Gwaji ya ɗiga kala, roba ɗaya ja, ɗaya shuɗi, ɗaya kore, ɗaya aka bar ta fara, yana bayani da babbar murya kamar shi ya ƙirƙiro masara. Yara suka riƙa mari, abin yana mayar musu da mari. Suka mulmula shi a tafin hannu ya zama ƙwallo, da sun daina mulmulawa sai ya narke ya zubo ta tsakanin yatsu. Wata ta nutsa hannu ta fizgo da ƙarfi, robar ta biyo ta. Wani ya sa motarsa ta wasa a kai, suka tsaya suna kallo tana nutsewa kaɗan-kaɗan, suna yi mata sai wata rana. Kurciya ta ɗago hannayenta shuɗi har gwiwar hannu ta ce, “Kaka, yana jin haushi in an buge shi.” Gwaggo ta ƙirga kalmomin a zuciyarta, domin ba ta taɓa jin ta jera magana mai tsawon haka a cikin mutane ba.

Shugaba ta leƙo, ta ɗauki hotuna, ta yaba wa Malam. Malam ya karɓi yabon duka bai rage ba. Wannan bai dami Gwaggo ba. Wanda ya yi shekaru yana guge rigar da wani zai sa a yaba masa ya saba da haka. Abin da ya dame ta shi ne ƙasa, da kujeru, da labule, da bangon da aka yi wa zanen hannaye goma sha tara.

Da aka kusa tashi ta ja Malam gefe ta gaya masa abin da ta sani. Sitaci ba ya narkewa a ruwan sanyi, kwanciya yake yi a ƙasa ya daskare. Ta sha ganin haka a gindin bahon shago, sai an sa wuƙa ake ɓamɓaro shi. Ta ce ya bar robobin a baranda su sha iska, ranar Litinin za ta kankare ta zuba a kwandon shara.

“Kada ka zuba a bahon wanke hannu, Malam.”

“Gwaggo ke nan,” in ji shi, yana dariya. “Yanzu har kimiyyar ma za ki karɓe mana? To me za mu ci?”

Ta ce ita dai ta faɗa. Ta ɗauki bokitinta ta tafi banɗakin manya, inda wani yaro ya yi abin da ya yi. Ta ɗauki kusan rabin awa a can. Da ta dawo iyaye sun fara shigowa, ajin Malam ya yi fes a sama-sama, robobi huɗu suna jere a bakin ƙofa babu komai a cikinsu sai shafe-shafen kala. Famfon bahon wanke hannu yana zuba. Ta dubi Malam, ya kau da kai yana gaisawa da wata uwa. Ta kashe famfon. Ta kai robobin bayan makaranta ta ɗauraye su a kan ƙasa, ta kife. Bayanta yana ciwo, ga Kurciya tana ja mata zane, ga tsoho a gida yana jiran a juya shi. Ta ce a ranta wataƙila ruwan da ya bari yana zuba ya tura sitacin gaba. Ta san ba haka ba ne, gajiya ce ta sa ta yarda.

Ranar Litinin da safe yara suka wanke hannu bayan karin kumallo, ruwa ya ƙi tafiya. Ya cika bahon, ya zubo, sannan ya fara bulbulowa ta magudanar ƙasa da wani launi kamar na tsohon rauni. Kafin a kashe babban famfo ya jiƙa darduma da littattafan da ke ƙasan kanta. Aka kwashe yara zuwa baranda. Mai gyaran famfo ya zo, ɗan gajere mai furfura a gemu, ya kwanta a ƙarƙashin bahon ya kwance lanƙwasar bututun. Ya buga ta a ƙasa, wani abu ya faɗo kamar guntun alli. Ya ce wannan somin-taɓi ne, sauran yana can cikin bango. Wuni guda ya yi yana zura wayar ƙarfe a cikin bututun.

Shugaba ta kira su ofis su biyu. Mace ce mai ƙoƙari, amma tana da rauni irin na masu ofis: wanda ya fi iya tsara magana shi take fara ji. Malam Gwaji ya ce shi darasi ya koyar, kuma ta ga hotuna. Wanke-wanke ba aikinsa ba ne. Ya ce a tambayi wanda ya wanke robobin. Shugaba ta juyo ta tambayi Gwaggo ko ita ta wanke. Gwaggo ta ce ita ce, amma babu komai a ciki lokacin da ta same su.

“To ina abin cikin ya tafi?”

“Ranki ya daɗe, Malam ya sani.”

Malam ya girgiza kai cikin tausayi. Ya ce ba ya so ya yi jayayya da babba, kuma tsufa ba laifi ba ne, kowa yana iya mantawa. Wannan maganar ta fi ƙaryar muni, domin ya naɗe ta da ladabi. Shugaba ta ce Gwaggo ta je gida ta huta mako biyu, kwamitin makaranta zai zauna ya duba ko za ta ci gaba. Ta ƙara da cewa, cikin sanyin murya, gurbin yarinyar yana tafiya ne da aikin, don haka ita ma ta ɗan zauna a gida tukuna.

Gwaggo ba ta yi kuka ba, ba ta yi rantsuwa ba. Ta rataye tsummanta a igiya, ta jingina tsintsiya a bayan ƙofa, ta cire wa Kurciya jakarta daga ƙusa ta uku. A hanya yarinyar ta tambaya ko an tashi ne. Ta ce an tashi.

Gida ciki ɗaya ne da falo a hawa na biyu, da ɗan kicin da mutum biyu ba sa iya juyawa a ciki. Tsoho ya saurari labarin daga kan katifarsa, bakinsa a karkace. Ya ce shekara talatin yana tuƙi, duk hatsarin da ya gani ƙaramar mota ce ke da laifi, ko da tana ajiye a gefen titi. Gwaggo ta ce ya yi mata shiru, ba ta da ƙarfin dariya. 'Yarta, uwar Kurciya, da ta dawo da yamma ta ce gobe za ta je makarantar ta ci wa malamin mutunci. Gwaggo ta hana. Ta ce in ta je ta yi ihu, an samu dalili na biyu ke nan.

Kwanaki suka ja. Kurciya tana tashi da safe ta sa takalminta da kanta, hagu a dama, ta tsaya a bakin ƙofa da jaka. Kwana uku tana haka, a na huɗu ta daina. Maganarta ma ta fara raguwa. Ta koma nuna abu da yatsa, ta koma gurnanin nan na da. Gwaggo ta lura, tsoho ma ya lura.

A kwana na shida Gwaggo ta sauko da ragowar sitacin da take sa wa rigunan tsoho, ta auna kofi biyu da ɗaya a cikin kwanon silba, ta ajiye a tsakar falo. Babu kala, fari ne kawai. Kurciya ta zauna ta yi ta mulmulawa. Can ta ja kwanon zuwa bakin katifa, ta kama hannun kakanta na hagu, wanda ba ya motsi, ta ɗora a kai. Hannun ya nutse a hankali don nauyin kansa. Tsoho ya ce yau ga abin da ya dace da shi, abin da ba ya son gaggawa. Yarinyar ta yi dariya ta ce, “Naka ya shiga.” Kalma uku. Da suka gama Gwaggo ta ajiye kwanon a taga, washegari ta kankare shi a leda, ta share ɓurɓushin da tsintsiya. Aikin bai kai minti biyar ba.

A kwana na tara, da hantsi, wayarta ta yi ƙara. Shugaba ce. Muryarta ba irin ta ofis ba ce. Ta ce Gwaggo ta taimaka ta zo yanzu, masu duba makarantu za su zo gobe, ajin ƙanana ya sake cika da ruwa, matar da aka ɗauko ta riƙe sharar kuma ta ce wannan ya fi ƙarfinta ta tafi. Gwaggo ta saurare ta har ta gama. Zuciyarta ta ce ta ƙi. Ta dubi jakar da ke rataye a bayan ƙofa, ta ce tana zuwa. Ta roƙi maƙwabciya ta riƙa leƙa tsoho da yarinyar.

Tun daga baranda ta ji warin, irin na shagon wanki da sassafe. Ta san shi kafin ta ga komai. Mai gyaran famfo yana durƙushe, ya fasa tayil biyu a jikin bango, yana jawo wani abu daga bututu da hannu. Wannan karon ba alli ba ne. Wani abu ne mai yauƙi, mai kauri, kore-kore, yana miƙewa kamar danƙo. Ya ɗago ya gan ta ya ce, “Yaya, zo ki ga ikon Allah. An yi wa bututu girki.”

Abin da ya faru ba shi da wuyar ganewa. Iyaye sun ga hotunan farko sun yaba, Shugaba ta ce a maimaita a ɗauki sababbi don masu dubawa. Malam Gwaji ya maimaita jiya, da awon da ya gani a hannun Gwaggo. Da aka gama ya rage shi da robobi huɗu. Idan ya bar su a baranda su bushe, ya zama ya bi maganar mai shara a gaban kowa ke nan. Sai ya yi tunanin ya fi ta dabara. Ya zuba a bahon, ya dafa ruwa a butar shayi ta ɗakin malamai, ya bi shi da shi don ya narke. Malamar aji na biyu ta ce sau biyar ta gan shi yana wucewa da butar, ta ɗauka baƙi aka yi.

Shugaba ta tambayi Gwaggo ko ruwan zafi ba ya narkar da shi. Gwaggo ta ce ruwan zafi dafa shi yake yi. Haka ake dama sitacin kaya, a kwaɓa da ruwan sanyi, a zuba tafasasshe, ya kumbura ya yi kauri. Duk wanda ya taɓa sa wa riga sitaci ya san wannan. Ba ta ɗaga murya ba. Tana maganar tana naɗe hannun rigarta, idonta yana kan dardumar da za ta ɗaga.

Malam yana tsaye a bakin ƙofa, farin takalminsa ya jiƙe. Ya ce na jiya kuskure ne na gwaji, ya yarda, amma na farko yana nan a kan bakansa. Shugaba ta juyo gaba ɗaya ta dube shi. Ta ce ya ga abin da zubawa ta jawo a makon jiya, ya ga an kori dattijuwa gida a kan haka, to me ya kai shi ya zuba?

“Ai wancan karon ban bi shi da ruwan zafi ba ne, shi ya sa na ɗauka...”

Ya tsaya. Mai gyaran famfo ya ajiye sifanarsa a hankali, ya ce shi dai kunnensa ɗaya ne mai kyau, amma da shi ya ji. Malamar aji na biyu ta sunkuyar da kai. Shugaba ta ce Malam ya je ofis ya jira ta.

Ta matso kusa da Gwaggo ta fara ba da haƙuri, tana neman kalmomi. Gwaggo ta ce ba komai, ranki ya daɗe, a kama mata wancan gefen dardumar. Shugaba ta cire takalmi ta kama. Suka ja ta zuwa baranda tana zubar da koren ruwa. Gwaggo ta tambaya ko Kurciya za ta iya dawowa gobe. Shugaba ta ce ta dawo, ita da kakarta.

Sai bayan la'asar aka gama. Gwaggo ta kwashe bokiti goma sha ɗaya, ta goge ƙasa sau uku, domin dafaffen sitaci yana barin santsi, yaro zai iya zamewa ya fasa kai. Ta shanya littattafan da za su iya rayuwa a kan tagogi, sauran ta tara a kwali. Sannan ta sauko daga matakalar baranda. Ba ta ji daɗin nasara ba, yunwa take ji da ciwon baya, kuma akwai wankin tsoho yana jiran ta.

Kwamiti ya zauna ranar Alhamis. An sa Malam Gwaji ya tsaya a gaban ma'aikata duka ya faɗi da bakinsa wanda ya zuba na farko da na biyu. Bayan nan aka karɓi makullin ajin daga hannunsa, aka sallame shi daga aiki, kuma ba a ba shi takardar shaidar hali ba.